Makarantar da Yara Suka Yi Tsit

"Malam, rasuwa aka yi ne?"

Abin da na tambayi hedimasta ke nan a wata makaranta a Tudun Wada, wajen 1998. Ɗana ya dage sai an sa jikana Bashari, angon nawa, inda ba a magana sai da Turanci. Na ce sai na gani da idona, don yaron nan aku ne, ba na son a kashe masa baki.

Na iske an fito tara, yara cike da fili, amma tsit kake ji.

Hedimasta ya yi murmushi. "A'a Hajiya, Hausa muka hana."

"To ina Turancin? Ko shi ma kun hana?"

Na ja mayafina na fita. Kashegari na leƙa wata makarantar, na tarar da yara biyu suna rigima kan mangwaro da gurgun Turancinsu, malama na gefe tana gyara musu tana dariya. Na ce nan za a kawo mini angona.

Ɗazu Bashari ya kira, wai yana nema wa ɗiyarsa makaranta. Na ce ya je lokacin tara ya kasa kunne.

Yaro bai iya harshe ba sai ya yi faɗa da shi. Ko ƙarya nake, jama'a?