Gilashin da ke Bangon Inna

Bayan sitonmu a unguwar Deira, cikin Dubai, akwai wani tsohon gida da ya girmi kakan duk wanda na sani. Ni aikina ɗaurin kargo ne a kasuwar Murshid Bazaar, in naɗe kwali da salatif har wanda ya ƙera shi ya kasa gane shi. In zafi ya kai matakin da za a iya soya ƙwai a ƙeyata, sai in zagaya in fake a inuwar gidan nan. Da dutsen teku aka gina shi, mai huji-huji kamar soson wanka, ga wata hasumiya a ka da ke kamo iska ta turo ciki. Ba mai kwana a cikinsa. An ce kayan tarihi ne, gyara ake yi.

Mai kula da gyaran wani injiniya ne Bazazzagi. Ni kuwa Bakano, to ka san zaman ba zai yi shiru ba.

"Kai Bazazzagi, duk bokon nan da ka sha a nan ya ƙare? Yi wa bango allura?"

Kuma wallahi allurar suke yi masa. Su huda, su ɗura kwaɓaɓɓiyar farar ƙasa, sannan su zura siraran ƙarafa su ɗinke kusurwa da kusurwa. Siminti kuwa ko kusa, wai yana riƙe danshi ya cinye dutsen.

"Rabu da ni, ɗan kwali," in ji shi. "Ƙasar nan takan motsa. Daga ƙetaren ruwa abin yake zuwa, kuma bangon da ba a ɗinke ba shi ke fara buɗe baki."

Na yi ta yi masa dariya, har ranar da ƙasar ta motsa ɗin. Da la'asar ne, ina riƙe da kofin shayi, sai na ga shayin yana rawa ba kiɗa. Wani ya ce yalla, yalla, wato maza a fita! Ni da nake cika baki ba na tsoron komai, na tsallake tulin kayan da ko akuya sai ta yi shawara. Kowa ya yi titi. Bazazzagin nan shi kaɗai ya yi wajen tsohon gidan. Da abin ya lafa na same shi yana leƙa wasu 'yan gilasai da aka liƙa a kan kowace tsaga ta bangon, rabi a wannan gefe, rabi a wancan.

Ya ce min, "Bango ba ya magana, wannan ne bakinsa. In tsagar ta ƙaru ko kaɗan, gilashin zai fashe. In bai fashe ba, tana nan yadda take."

Nan take Inna ta faɗo min a rai.

Mahaifiyarmu tana cikin birni a Kano, a ɗakin ƙasar da aka kai ta tana amarya. A nan ta haife mu, a nan Baba ya cika. Bayan wata damina bangon gabas ya tsage tun daga azara har kusa da gadonta. Yayanmu ya ce ta koma gidansa a rushe ɗakin a sa bulo. Ta ce sai dai a fitar da ita a makara. Kullum rigima, ni kuma ina nesa, kowa ya kira ni ya kawo ƙarar ɗayan.

Sai na ji ni ma na zama injiniya. Na haɗa su a waya na ce na kawo maganin rigima daga Dubai, ilimin da Turawa ma layi suke bi su koya. Na ce Yaya ya liƙa guntun gilashin taga a kan tsagar. In ya fashe, Inna ta tashi. In bai fashe ba, a ƙyale ta.

"Ka ji, Inna?"

"Na ji, Auta. In gilashinka ya fashe ni da kaina zan ɗaure kayana."

Daga nan duk Juma'a in na dawo masallaci sai in kira ta a bidiyo. Inna ba ta taɓa riƙe waya daidai ba. Na san azarar ɗakin nan fiye da gara, na san kunnenta na hagu fiye da fuskarta.

"Inna, ƙasa kaɗan. Wannan ai rufi nake gaisarwa."

"To ka gaishe shi mana, ya girme ka."

Sai ta juya ta nuna min gilashin, lafiyarsa ƙalau. Damina ta shigo ta yi nisa, gilashi na nan. Na riƙa yi wa Bazazzagi gori, ƙasar Kano ta fi dutsensu da allurarsu, khalas, magana ta ƙare.

Wata Juma'a ta juya wayar kamar kullum, sai na ga ido a cikin gilashin. Idonta ne, da gefen wayar. Gilashin taga ba ya mayar da fuska haka. Guntun madubi ne, har da ɗan zanen fure a gefe. Na san madubin nan. Tun muna yara yake rataye a saman gadonta, na kayan aurenta ne, wanda ko taɓawa muka yi sai mun sha rankwashi. Gilashin Yaya ya daɗe da fashewa ke nan. Wa ya san sau nawa ta sake wani, har na tagar ya ƙare ta fasa madubinta.

Na tsaya ina kallon idonta a bango.

"Auta," ta ce, "ba ka ga komai ba."

Na danna na ɗauki hoton bangon daga bidiyon.

Na kai wa injiniya hoton. Ya buɗe shi da yatsu, ya daɗe yana kallo. Tsagar ta isa hannu ya shiga. Bai ce min ɗan kwali ba.

"Ɗan'uwa, a fitar da ita yau. Kada a jira wani ruwan."

"Ba za a iya ɗinke shi ba, kamar naku?"

Ya ce ana iyawa, in an samu maginin ƙasa na gaske, amma ko shi ba zai taɓa ba sai ɗakin ba kowa. Na kira Yaya a tsaye a wurin. Kafin magariba an kwashe ta. Maganar magini kuwa, Yaya ya ce wanda ya san aikin a unguwar ya rasu, 'ya'yansa acaɓa da sayar da kayan gwari suke yi. Da rani aka sa diga aka rushe ɗakin.

Inna ba ta yi min faɗa ba. Da ma ta yi. Har yanzu ina kiranta duk Juma'a, har yanzu rufi take nuna min, sai dai wannan fari ne fes, ba azara ko ɗaya, kuma ta daina cewa in gaishe shi.

An gama gyaran gidan bayan sitonmu. An sa fitilu, baƙi na zuwa suna shafa bango suna hoto. Rannan na tsaya a gabansa na kira ta, na ce bari in nuna mata inda na samo ilimin, ko ta yi dariya. Na zagaya da ita tsakar gidan, na nuna mata hasumiyar iska, na nuna mata inda aka ɗinke, ko tabo babu.

Ta ce, "Ma sha Allah. Wa ke ciki?"

Na ce, "Ba kowa, Inna."

"To," ta ce. "A gaida mutanen wurin aiki."