Kunyar Surukina a Cikin Burtali

Shekarun baya, lokacin da bakina ya fi hankalina gudu, aka sa ni cikin kwamitin kula da burtali na ƙauyenmu, can wajen Maruda a ƙasar Gwandu. Ga waɗanda suka tashi a birni, burtali ita ce hanyar da ake bar wa shanu tsakanin gonaki, su bi zuwa makiyaya da mashaya ba tare da sun taɓa shukar kowa ba. Tamu tun ta kakanni ce, an shinge ta da aguwa dama da hagu. To amma aguwa tana mutuwa, manomi kuwa ba ya manta inda ta mutu. Kowace damina in an zo huɗa, sai wannan ya ƙara kunya ɗaya, wancan ya ƙara biyu, har hanyar da garke ke bi a sake ta koma sai shanu sun jera ɗaya bayan ɗaya. Shekarar da aka fasa wa wani makiyayi kai saboda saniya ta ci dawa, mai gari ya tara mutane ya ce abin ya isa haka.

Sarkin noma ne shugabanmu. Akwai wakilin Ardo, wani dogon Bafulatani da ba ya magana sai ta kama, da na'ibin liman, da dattawa biyu, sai ni a madadin matasa. Mu ke dasa aguwa inda ta mutu, mu ke hana saran gawo a makiyaya, mu ke hana noma bakin mashaya. Amma babbar dokarmu guda ce, kuma a gaban masallaci aka yi ta kowa yana ji. Bayan huɗa za mu zaga, duk kunyar da ta shiga burtali a baje ta, ko ta wane ce. Ni kuwa da ba a tambaye ni ba, na miƙe na ƙara da cewa, "Ko ta ubana ce!" Aka tafa mini, na zauna ina jin kaina kamar wani alƙali.

Ranar zagaye ni na saɓa galma. Gonar abokina muka fara tararwa ta yi ƙafa a cikin hanya, abokin da muka yi makarantar allo tare, shi ya yi mini abokin ango. Ya ja ni gefe ya rage murya.

"Haba, ka san iyalina sun ƙaru bana. Ka bar min wagga guda, baɗi ni da kaina ni ka ja da baya."

Na ce masa doka ba ta san aboki ba. Da ƙarfi na faɗa, don dattawa su ji. Na sa galma na baje geronsa da ya fara tashi, yana tsaye yana kallo. Da na gama bai zage ni ba. Murmushi kawai ya yi ya ce, "Allah shi kai mu gaba. Burtalin da tsawo."

Ban gane ba sai da muka wuce tsohuwar kuka muka karya kwana. Gonar surukina ce a wurin, mahaifin matata. Ga kututturen aguwa nan a fili, ga kuma kunyoyinsa sun tsallake shi sun shiga hanya, an huɗe su tsaf, gero ya yi kore shar.

Wannan mutum kuwa, tun da na auri 'yarsa ban taɓa haɗa ido da shi ba. In na hango shi tafe nakan cire takalmi in durƙusa tun daga nesa, in da hali ma in sake hanya. Ban taɓa cin abinci a gabansa ba, sunansa bai taɓa fita bakina ba, ko mai irin sunan ne sai dai in ce mai sunan Baba. Ya ba ni 'yarsa lokacin da ba ni da komai sai keke da surutu. Yanzu ga ni tsaye a kan gonarsa da galma a kafaɗa, ga mutanen da muka baje wa nasu sun biyo mu a baya, abokina yana kan gaba.

Galmar ta yi mini nauyi. Na durƙusa na dubi kututturen, na zagaya shi, na kanne ido ɗaya kamar mai awon fili. Sannan na ji bakina yana cewa, "Aguwar ga kamar an taɓa gusar da ita. A bari a bincika tukuna." Aguwar da ta girme ni, wadda na sha ɓuya a bayanta ina yaro.

Sarkin noma ya sunkuyar da kai yana wasa da gemu. Sai wakilin Ardo ya jingina da sandarsa, ya dube ni a natse ya ce, "Malam, kunya ta kag gani, ko kunya ta kaj ji?" Wani ya fashe da dariya a baya, saura suka kama. Muka wuce gonar ba mu taɓa ta ba, kuma daga nan zagayen ya mutu, don ba wanda ke da bakin baje ta wani kuma.

Kafin mako ya zagayo abokina ya sake huɗe tasa, har da ƙari. Sauran ma suka bi. Burtalin da muka fara buɗewa ya koma ya fi da matsewa. Makiyaya suka daina gaishe mu in mun haɗu, manoma suka fara zuwa gona da gora. Kowa ya san saura saniya ɗaya ta kauce a sake zubar da jini, kuma kowa ya san daga ina ɓarakar ta fara. A majalisa aka laƙa mini suna Ko-ta-ubana. Na daina zuwa shan shayi, sallah ma sai in tsaya sahun baya in sulale da an sallame.

Matata ce ta ji maganar a gidan suna, ta dawo ranta a ɓace. Na zaci za ta gode mini da na rufa wa mahaifinta asiri. Sai ta ce, "Kai kana ganin mutunci kay yi mai? Mata na ta hwaɗin Baba ne yat toshe burtali." Washegari ta je gida ta gaya wa mahaifiyarta, ita kuma ta gaya masa.

Da safe aka aiko sarkin noma na kiran kwamiti a gonar. Na tarar da jama'a sun cika, surukina yana tsaye a bakin kunyoyin da galmarsa, gero ya kai gwiwa. Na cire takalmi na durƙusa can gefe. Bai dube ni ba. Da sarkin noma ya yi magana, kamar ba na wurin.

"Sarkin noma, huɗar ga ni niy yi ta, da sanina. Na ga kowa na ci, ni ma nic ci. Ba a gusar da aguwa ba, tun ina yaro nan take." Ya nuna gefen da nake ba tare da ya juyo ba. "Ka hwaɗa ma yaron ga, da ya baje ta rannan, hushin kwana biyu zan yi in huce. Amma ya bar ni da ita, garin ga duka na nuna ni da baki. Ni ban ba shi ɗiya don shi yi min ƙarya ba."

Ya miƙa wa sarkin noma galmar, sarkin noma ya miƙo mini.

Da ƙasa za ta tsage da na shige. Na karɓa na shiga baje geron surukina, ƙafa ba takalmi, shi yana tsaye hannu a baya, ba ka jin komai sai ƙarar galma. Zufa da hawaye suka haɗe mini, na gode Allah da ba mai iya bambancewa. Da na iso daidai kututturen na tsaya. Sai surukina ya ce wa sarkin noma, "Shi ƙara da ta bayanta. Na ci na shanu shekaru, bari su ma su ci nawa." Na baje wannan ma. Ya yanko aguwa da hannunsa ya kafa a sabuwar iyaka.

Da la'asar na hangi abokina yana baje tasa shi kaɗai. Na je zan kama masa, ya ce in bari, hannuna ya saba da gonar manya. Sai da kaka ta wuce kafin mu koma cin tuwo kwano ɗaya.

Na daɗe ina juya abin nan. A lokacin na ɗauka girmamawa ce ta riƙe mini hannu. Da na girma na gane kaina na ji wa, ba na son a ce ni ne na yi wa suruki rashin kunya, sai na bar shi ya ɗauki kunyar da ta fi girma. Kuma abin da na yi wa abokina a bainar jama'a ba don doka ba ne kawai, har da son a tafa. Yanzu ina zaune a Kalgo, ina ganin yadda ake yanka filaye ana kafa duwatsu tun da jami'a ta zo, kuma in na ji wani yana rantsuwa cewa shi ba sani ba sabo, ba na cewa komai. Nakan dai yi masa fatan hanyarsa ta fi tawa gajarta.

Surukina ya rasu, Allah ya jiƙansa. Kwamitin yana nan a hannun wasu, burtalin ma yana nan, kuma duk tsawonsa ba inda ya kai bakin gonarsa faɗi. Nan makiyaya ke tsayawa su jira na baya. Mutanen gari suna kiran wurin Kunyar Malam, yaran yanzu sun ɗauka wani malami ne ya taɓa noma a wurin, ni kuma ban gyara musu ba. Amma duk ranar da na je gida na iso daidai aguwar da ya kafa, sai in ga na sauka daga babur ina turawa, takalmina a hannu.