Mayafin Kande a kan na'urar Illa

Duk wanda ya taɓa kai ordinate gyara a unguwar Zango ta Zinder, abin da Kanawa ke cewa kwamfuta, ya san Illa. Dogo ne, siriri, ga faɗan tsiya. Ka ce ya gyara maka komai zai gyara, amma ka kuskura ka ce ya ƙara wa na'urarka gudu, wallahi sai ya kore ka daga shagon.

A da kuwa shi ne gwanin ƙara gudun. Ya kan ce ƙwaƙwalwar na'ura, wato memuwar, lugude take yi kamar mata a turmi, kowace taɓarya da lokacin saukarta. Masu ƙera ta sun tsayar mata da bugu ɗari huɗu. In ka shiga cikinta ka kai shi ɗari biyar da 'yan kai, ka ƙara mata wuta kaɗan, aiki zai yi sauri. Sai dai jikinta zai ɗau zafi, in ba iska, ta rikice.

A farin 2010, da hatsi ya ƙi a ƙauyensu Gidimuni, Inusa wan Illa ya tafi cirani Libiya. Uwarsu Kande ta daina cin abin kirki. Tana jin muryarsa a tarho, amma ta ce murya tana ƙarya, so take ta ga ko ɗanta ya rame. Inusa ya ce ranar Juma'a bayan la'asar zai zauna gaban kamara a garin Sabha ya kira na'urar Illa ta intanet, don washegari za a kwashe su zuwa gona can cikin hamada.

Kande ta iso Zinder a bayan motar kaya, riƙe da 'yar jarkar ruwanta, don ta ji an ce a birni ma famfo ya ƙafe. Na'urar Illa tsohuwa ce, hoto na tafiya yana tsayawa. Ya ce ina, ba a haka uwarsa za ta ga Inusa ba. Ya ƙara bugun, ya ƙara wuta, a tsakiyar bazara! Da ya taɓa ƙarfen ya janye hannu.

«Inna, zazzaɓi take yi. Bari in aro fanka wajen Mai Nasara tela.»

Kande ta taɓa ita ma, tausayi ya kama ta. Ita abin da ta sani, in ana son ruwan tulu ya yi sanyi, jiƙaƙƙen tsumma ake naɗa masa. Ta cire mayafinta, ta juye masa ruwan da ta yi ta tattali tun daga ƙauye, ta naɗe na'urar tsaf, har ramukan da iska ke shiga.

Illa ya dawo da fanka daidai lokacin da kira ya shigo. Goshin Inusa ya bayyana, da bakin hularsa, sai allo ya yi shuɗi, ƙauri ya tashi. Kafin su kai wani shagon intanet a kan kabu-kabu, Inusa ya tashi.

«Ni na ɓata ko?» in ji ta.

«A'a, Inna. Ni na matsa mata.»

Ya faɗa, kuma har zuciyarsa haka ya ɗauka. Ta koma Gidimuni da mayafi a jiƙe, ba ta kai girbi ba ta rasu.

Bayan shekaru Inusa ya dawo, ƙashin wuya duk a waje. Ya zauna a shagon, ya tambayi ƙanensa ko ta gan shi ranar nan.

«Ta ga goshinka.»

«Me ta ce?»

Illa ya sunkuyar da kai kan aikinsa.

«Cewa ta yi hular nan da ta saya maka ce, ashe ba ka yar ba.»