Guduma Mai Wankin Kwalabe

Yana ɗan shekara sha shida aka raɗa masa Guduma, ranar da ya zubar wa wani kwandasta haƙora biyu a tasha, don ya taka masa ƙafa bai ce sannu ba. Tun daga nan sunan yanka ya ɓace, har uwarsa Guduma take ce masa in ya ɓata mata rai. Ya yi dako, ya yi gadi, ya yi aikin gidan burodi, kuma duk inda ya je hannunsa ne ke koro shi. A gidan burodin da farantin gashi ya kwaɗe manaja, sai da aka yi wa ƙeyar bawan Allah ɗinki tara.

Kawunsa, direban motar asibiti, shi ya gaji da zuwa beli ya kai shi wurin Dakta, shugabar ɗakin binciken ƙwayoyin cuta. 'Yar siririyar mata ce, ba ta ɗaga murya. Ta kalli hannayen nan nasa masu kama da shebur ta ce, "Na ji labarinka. Nan gilashi gare mu da cuta. Ranar da ka daki wani, ko shi ne marar gaskiya, ka tafi ke nan."

"Ranki ya daɗe, ko sauro ne?"

"Sauron ma ka kawo mini ƙararsa."

Shekara sha tara ya yi yana wanke kwalaben da ake kiwon ƙwayoyin jiki a ciki. Wanki uku da sabulu, ɗauraya bakwai, ta ƙarshe da tataccen ruwa, sannan ya jera su a tukunyar tururi ta dafe su. A cikin aikin nan ya yi aure, ya haifi biyar, babbar har ta shiga makarantar jinya. 'Ya'yansa a bakin mutane kawai suke jin wai ubansu ya taɓa dukan wani.

Bai wuce aji uku na sakandare ba, amma kunnensa ya sha karatu a ɗakin nan. Cutar da suke bincike ita ce mai feso da ƙuraje masu ruwa a gefen leɓe, wadda likitoci ke kira hapis. In ya dawo gida sai ya tasa matarsa a gaba da bayani, tuwon baki ya fi na kwano yawa.

"Ke, 'yar fashi ce. Tana shiga ƙwayar jiki sai ta shaƙe maigida, ta ƙwace injinansa, ta ce daga yau ni za a yi wa aiki. Ta fara ƙera furotin na farko, su ne leburorinta. Su za su yi ta kwafar DNA ɗinta, wato takardar gadonta, ɗari, dubu. Sai kwafi ya kankama sannan take ƙera furotin na ƙarshe, rigunan da 'ya'yanta za su sa su fita. To in ka zuba maganin da ke tsayar da kwafi, na farko za su fito abinsu, na ƙarshe kuwa shiru. Ba ta ɗinka riga sai ta ga mai sawa."

"To Farfesa, abincinka ya huce."

Ana nan sai ga wani ɗalibi mai neman digirin dakta, dogo, mai yawan gyara gilashin ido, shi ya sa ma'aikata suka sa masa Tabarau. Aikinsa shi ne ya nuna abin nan da Guduma ke faɗa wa matarsa, amma da hoto da lissafi. Ya haɗa kwalba goma sha biyu, duk ya sa musu cutar, shida da magani, shida babu. Sai ya ɗauki jan alƙalami ya rubuta alama a kan murafai, wai ya fi kyan gani daga sama.

Guduma ya ce, "Yallaɓai ƙarami, a jikin kwalba ake rubutu. Murfi yawo yake yi."

"Baba, kai dai wanki aka ɗauke ka, ko? To wanke."

Guduma ya haɗiye. Ranar kwashe ƙwayoyin, ta gilashin ƙofa ya hango Tabarau ya cire murafan duka ya jera a gefe, aka kira shi a waya, ya dawo ya mayar da su yana hira, bai duba wanne ne na wace kwalba ba. Ya buɗe baki zai yi magana, ya tuna wanki aka ɗauke shi, ya koma kan famfonsa.

Kwana goma bayan nan, da hantsi, Tabarau ya banko ƙofar ɗakin wanki riƙe da hoton sakamako, mai baƙaƙen layuka da ke nuna kowane furotin. Layukan furotin na ƙarshe sun fito ɓaro-ɓaro a wurin masu magani, wurin marasa magani kuwa fayau.

"Dubi abin da ƙazantarka ta jawo mini! Kwalabenka da datti, tsohon banza!"

"Kwalabena? Yaro, kana tsumma nake wanke su."

Tabarau ya sure wata kwalba daga kan tire ya maka ta da ƙasa. Ya ƙara ta biyu. Ya sa ƙafa ya ture tiren gaba ɗaya, wankin kwana biyu ya tarwatse a kan siminti. Guduma ya tura hannayensa cikin aljihun rigar aiki ya damƙe cinyoyinsa, yana karanta duk addu'ar da ta zo bakinsa. Da a nan aka tsaya, da yanzu yana jiran fansho. Sai Tabarau ya ɗauki jiƙaƙƙen soson wanki ya shafa masa a fuska, ya bi da mari.

Naushi ɗaya ya raba gilashin idon gida biyu, hanci ya koma gefe. Na biyu ya sauka a muƙamuƙi, aka ji ƙas har baranda. Guduma ya cafi wuyan rigarsa ya tsoma kansa a bahon ruwan sabulu, ya ɗago, ya sake tsomawa, yana cewa, "Wanki uku! Ɗauraya bakwai!" Kumfa ta koma ja. Masinja ya riƙo shi ta baya, Guduma ya yi jifa da masinjan kan tukunyar tururi. Masu gadi uku ne suka danne shi a kan fasassun gilasai, ɗaya ya zauna masa a ka.

Dakta ta shigo, ta tsallake jinin, ta ɗauki hoton daga ƙasa ta ɗaga shi wajen taga. Ba ta daɗe tana kallo ba.

"Datti ba ya ɗauke furotin daga shida cif ya kai wa shida cif. Musanya aka yi. Wa ya rubuta alama a murfi?"

Mai amsar dai an yi asibiti da shi.

Ta juyo ga Guduma. "Gaskiyarka ce. Amma me na ce maka?"

"Kin ce ko sauro, ranki ya daɗe."

Matarsa ta zo har ofis da kuka, kawun da ya tsufa ya zo da sanda. Dakta ta sassauta: in ya je ya ba yaron haƙuri a gaban shaidu, za ta roƙi hukuma a tsaya a dakatarwar wata uku.

Ya sa wankakkun kaya ya tafi, Dakta da kawu na biye. Tabarau na kwance, an ɗaure masa muƙamuƙi da waya, fuska ta kumbura sai ka ce ƙullin da ya kwana. Guduma ya durƙusa a gefen gado.

"Ɗana, na yi laifi. Shaiɗan ne da zuciya. Ka yafe mini don Allah."

Tabarau ya motsa leɓe, magana ta fito ta tsakanin haƙora. "Na yafe, Baba. Amma kwalaben ma ba su fita sosai ba."

Kawu ya ce, "Wayyo!" tun kafin komai ya faru. Guduma ya miƙe, hannu ya riga ya tashi, babu mai mayar da shi. Abin da ya iya kawai shi ne ya karkatar da shi. Naushin ya sauka a ƙarfen kan gado, taƙi ɗaya daga kunnen yaron. Ƙarfen ya lanƙwashe, yatsu uku da wuyan hannu suka karye, Tabarau ya jiƙa zanen gado.

Dakta ta rufe jakarta ta fita. Takardar sallama daga aiki a gadon asibiti ta same shi, don nan aka kwantar da shi, gado na kusa da na Tabarau, sauran duk a cike suke. Kwana huɗu suka yi a jere. Yaron bai yarda ya runtsa ba sai in 'yar Guduma mai karatun jinya tana zaune a tsakaninsu.

Yanzu yana tsaron shagon surukinsa na kayan famfo. Hannun dama bai ƙara dunƙulewa ba, ko cokali da hagu yake riƙewa.