Dutsen da Ya Faɗo Gonar Babanmu

Ko tsufa ya kwashe mini komai a ka, ranar da aka wanke Babanmu daga ƙarya tana nan daram.

Ina firamare abin ya faru. Baba tela ne a Kwamba, amma yana da 'yar gonar doya a Iku. Wata rana da hantsi ya dawo a sukwane, da wani baƙin dutse a hularsa, bai fi ƙwan zabo biyu ba. Ya ce ya ji ƙara kamar taya ta fashe, sai fito, sai ga abu ya nutse cikin kunya a gabansa. Bayan dutsen baƙi wuluk yana sheƙi, inda ya ɓantare kuwa fari-fari kamar toka.

Amininsa, wani bakanike Bayarabe da ke Gauraka, ya ce ya ji a rediyo dutsen sama yana kama mayen ƙarfe. Ya ciro ɗaya daga tsohuwar sifika, ya kara a jikin dutsen a gaban 'yan majalisa. Ko gezau! "Oga tela," in ji shi, "wannan kankare ne da kwalta, na masu gyaran titi." Aka fashe da dariya. Shi ke nan fa, duk wanda ya shara ƙarya a unguwa sai a ce, "Daga sama ta faɗo, irin ta tela." Baba yakan yi murmushi, amma ni da ke kai masa abinci shago na san abin yana cin ransa. Mutumin da ko alkawarin ɗinkin sallah bai taɓa saɓawa ba!

Ni kuwa Allah ya yi ni da naci. Da na shiga jami'a ina karanta ilimin duwatsu, na matsa masa sai ya ba ni dutsen na kai wa malamarmu. Da na ce za a ɗan yanki gefensa, ya zaro ido. "Yanka? Akuya ce?" Da ƙyar ya sake shi.

Muka goge yankin har haske yana ratsa shi, muka sa a na'urar da ke ƙara girman abu. Wayyo, launuka! Malama ta duba da kyau, sannan ta ce yawancin duwatsun sama suna da ƙananan ƙwallaye kamar tsabar gero, da ɓurɓushin ƙarfe, shi ya sa maye ke kama su. Wannan ba shi da ko ɗaya, ma'adinansa irin na dutsen da ya narke ya sake daskarewa ne. Gabana ya faɗi, don ai duniya cike take da irinsa. "Kar ki yi saurin karaya," in ji ta. "Ɓawon nan ƙuna ce, ba kwalta ba. Awon sinadarai zai raba gardama."

Aka aika ɓarɓashi ƙasar waje, muka yi watanni muna jira. Da sakamako ya zo, yawan ƙarfe da sinadarin manganis a cikin ma'adinan bai yi daidai da na duwatsun duniya ba. Sunan irinsa yukirait, ba kasafai ake samunsa ba, gutsuren wata ƙaramar duniya ne can bayan duniyar Mirrihi. Na yi ihu har masu gadi suka leƙo.

Ban tsaya gida ba, keke ya sauke ni a majalisa bayan la'asar. Na zayyana musu komai, ina yi ina hararar bakanike. Bawan Allah ya cire hula, ya durƙusa da furfurarsa. "Oga tela, ka yafe mini. Don Allah faɗa mana yadda aka yi, tun daga farko."

Baba ya gyara zama, ya fara. Har da fiton ya kwaikwaya, ba wanda ya katse shi. Da ya gama ya aika a sayo wa kowa tsire, yana dariya hawaye na zuba. Wallahi ban taɓa jin daɗi irin na ranar ba.

Tun daga nan na koyi cewa in mai gaskiya ya zo da labarin da ya fi ƙarfin kaina, in bar shi ya kai ƙarshe kafin in buɗe baki.