Falken da Ya Toshe Kunnensa da Auduga

Duk hutun lakwal, wato makarantar boko, mahaifina yakan ɗauke mu daga Sabon Garin Maraɗi ya kai mu Jiratawa wajen mahaifiyarsa, Iya Gambo mai ginin tukwane. Da an ci tuwo sai mu kewaye murhunta, tana tura mana gyaɗa cikin toka mai zafi. Ba ta fara tatsuniya irin ta kowa. Cewa take, "Ga ta nan bakin zaure." Mu amsa, "Ta shigo mu ji ta."

Akwai guda ɗaya da ba na so, ita kuwa ta fi son ta.

Wai wani falke ne ya sauka a wani gari bayan babban gulbi, inda ba a jin yarensa. Ya zo da gumbarsa da kilishinsa don kada ya ci abincinsu. Ya toshe kunnuwansa da auduga don kada maganarsu ta shige masa kai. Shekara bakwai yana ciniki da yatsu. Ran nan ya zame ya faɗa tsohuwar rijiya, ya yi ta ihu, "Ku cece ni!" Ashe a yaren garin wannan kalma tana nufin "ku wuce abinku". Mutane suka leƙo, suka ji, suka girmama baƙo, suka wuce.

"Iya, ya fito?" in ji ni.

"Wa za ya hiddo shi, ɗiyata? Kalma guda aka so ya koya, ya ƙiya. Yana can yana kira."

Na girma, na auri Lawali, ya samu gurbin karatu a Turkiyya, muka tafi da ɗanmu Sani. Shekara biyu na yi a hawa na huɗu na wani bene, ban riƙe kalma goma ta yarensu ba. Ina da kukata da daddawata, ina da waya da nake hira da gida. Wata tsohuwa da ke ƙasa da mu ta kawo mini miya sau biyu. Na shinshina, na zubar, na ajiye mata kwanon a bakin ƙofa.

Wata safiya, Lawali yana ɗakin jarrabawa wayarsa a kashe, zazzaɓin Sani ya hau. Jikinsa ya sandare, idanunsa suka juye, kumfa na fita a bakinsa. Na sungume shi na fito ba takalmi. Na buga ƙofa ta farko ina kururuwa da Hausa. Na koma Faransanci. Wani mutum ya buɗe, ya ga baƙar mace ba ɗankwali tana ihu, ya ja baya ya rufe. Ban san lambar motar asibiti ba. Ban san yadda ake cewa "ɗana" ba. Na durƙushe a kan matakala ina ta salati, ina jin yaron yana tafiya a hannuna.

Tsohuwar nan ce ta hawo tana haki. Ta karɓe shi, ta kwantar da shi a gefe ɗaya, ta kwance masa riga, ta daka wa mutumin can tsawa har ya fito da makullin mota. A asibiti likita yana tambayata, ina kallon bakinsa kawai. Ita ta kwaikwayi shan magani da hannu, na ɗaga yatsu biyu alamar sau biyu na ba shi, ta fassara. Da Sani ya buɗe ido ya yi kuka, ta cire mayafinta ta yafa mini. Sai a ranar na san sunanta Emine.

Da ina tsammanin ɗan duniya shi ne wanda fasfonsa ya cika da hatimi. Nawa ya cika, amma ban taɓa barin tsakar gidanmu ba sai a kan matakalar nan. Shekarar da ta rage mana na yi ta a madafar Emine, ina cin abin da ta dafa, tana dariyar karyayyen yarena.

Yanzu mun dawo Maraɗi, muna zaune a unguwar Zariya. Bara wata 'yar Togo ta kama haya kusa da mu, ba ta jin Hausa, ba ta fita. Na kai mata fura, washegari na tarar da kwanon a ƙofata, an wanke shi tas. Na sake damawa, na koma na ƙwanƙwasa, na ƙi tafiya har ta buɗe.