Yatsan hagun Kaka

Jama'a, yau na ga na'urar da ta san Kaka fiye da ni!

Zazzaɓi ya kayar da ita, na raka ta asibiti a Rano. Katinta ya ɓace tun damina. Nas ta zuƙo allura, ta ce, "Iya, akwai maganin da jikinki ba ya so?"

Kaka ta ce, "Wata allura ta taɓa kumbura ni a Nariya. Sunanta ne ban riƙe ba."

Nas ta ce asibitocin yanzu a haɗe suke, Kaka ta ɗora yatsa a wata 'yar na'ura. Ta ɗora na dama. Shiru! Har sau uku!

Sai na tuna, ranar da muka je asibitin Nariya lauje ya yanke ta a dama, an naɗe hannun. Na ce, "Anti, a gwada hagu."

Kaka ta harare ni. "Hagu zan miƙa wa mutane?"

Da ƙyar ta ɗora. Sai ga hotonta da jan rubutun gargaɗi a allon kwamfuta! Nas ta dubi allon, ta dubi allurar hannunta. "Innalillahi! Ita ce!" Ta ajiye ta.

Kaka ta leƙa allon. "Wane magulmacin ne ya riga mu zuwa daga Nariya?"